Farfelar da Ba Ta Juyawa

Ni haifaffen Gumel ne. Sunana ba zai amfane ku da komai ba, don haka na bar shi. Ban yi boko ba, ɗan rubutun da na iya ma a gidan yari na koya, saboda haka ba zan ja zance ba. Da ku nake, samari, musamman masu wuni a ƙarƙashin mota suna koyon kanikanci.

Kafin in lalace, ni bakanike ne mai hannu. Mahaifina manomi ne. Shi ya kai ni gareji a bakin tasha ya danƙa ni a hannun maigidana, kuma na koyi aikin da gaske. Mota za ta shigo, kafin direba ya kashe ta na gane ciwonta daga kukan injin. Ina salla a kan lokaci, ina kai wa mahaifiyata abin cefane. Babu wanda ya taɓa nuna ni da yatsa.

Abin da na fara ɗauka fetur ne, ɗan cikin kwalba daga motar da aka bari a gyara. Na ce a raina ai mai motar ba zai ji a jikinsa ba. Bai ji ba kuwa. Daga nan sai fulogi: a kawo sabo, in goge tsohon in mayar, sabon ya shiga aljihu. Ba a kama ni ba. Rashin kamun nan shi ya fi komai cutar da ni.

Da maigidana ya ga hannuna ya faɗa, sai ya tura ni Kano wurin wani abokinsa, Oga Nura, wai in ga manyan motoci. Garejin Oga Nura na 'ya'yan masu hali ne, masu wasan mota a wurin biki. Motocinsu masu turbo ne, wato abin nan da ke cusa wa inji ƙarin iska, kuma yawancinsu tayoyi huɗun duka ke ja. A can na fara ganin na'urar da suke kira daino. Ganguna ne na ƙarfe guda huɗu a binne cikin daɓe. A hau da mota kansu, a ɗaure ta da igiyoyi, a taka totur. Tayoyi na gudu, mota na tsaye, allon kwamfuta yana nuna ƙarfin da ya isa taya. Oga Nura zai ƙara wa turbo iska kaɗan, ya daidaita mai, ya duba zafi, ya sake gwadawa. Mota ɗaya takan ci masa wuni.

Na lura lambar da ke fitowa kullum ba ta kai wadda aka ce injin yana bayarwa. Na tambaye shi.

Ya ce, "Ƙarfin a hanya yake raguwa. Giya ta ci nata, akwatin da ke raba ƙarfi gaba da baya ya ci nasa, farfela ta ci, aksil mai riƙe da tayoyi ya ci. Mota mai jan huɗu ta fi mai jan biyu asara, don hannuwan sun fi yawa."

Farfela ita ce dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin mota, mai kai juyi daga giya zuwa tayoyin baya. Na ce, "To Oga, a cire masu cin mana."

Ya ce, "Kai ɗan Gumel, ba ku da rairayi ne a garinku? Abin da suka ci ladan aikinsu ne. Ran da ka shiga yashi za ka so a ce sun ci fiye da haka."

Wata rana aka cire farfelar wata mota za a sauya mata roba. Mai motar ya matsa a gwada ta a haka, da tayoyin gaba kaɗai. Lamba ta haura. Yaron ya yi tsalle yana ihu, wai an ƙara masa ƙarfi. Oga Nura ya gaya masa gaskiya, ya ce injin bai ƙaru da komai ba, asarar hanya ce ta ragu, kuma an maida motar rabin abin da take. Aka mayar da farfela. Kowa ya manta. Ni ban manta ba. Abu biyu na gani a ranar: mutum yana murna an cire masa abu, ga kuma abin da aka cire kwance a ƙasa, mai tsada.

Ban daɗe ba Oga Nura ya kama ni na sayar da wani ƙarfe na motar mutane. Bai kira 'yan sanda ba. Ya ce in tattara kayana in tafi. Na koma gida na ce wa mutane na gama koyo ne.

A Maigatari na buɗe gareji, ba nisa da hanyar kasuwar dabbobi. Na haɗa daino ta ƙarya. Ganguna biyu na yi da tsofaffin ƙarafan tirela, na samo agogon wani mataccen janareto na kafa a bango. Allurar agogon ba ruwanta da gangunan. Da wani maɓalli nake motsa ta, wanda na ɓoye a ƙarƙashin benci. Duk yankin babu wanda ya taɓa ganin daino ta gaske, balle ya ce tawa ba haka take ba.

Ga yadda nake yi. Mai mota zai kawo, in ce ya je kasuwa ya dawo. In ja ƙofa, in kwance farfela. Wata motar da ka cire shi ke nan, wata sai ka yi wa giyar tsakiya, mai raba ƙarfi gaba da baya, walda kafin ta yarda ta tafi. Sai in yanko bututun ruwa daidai tsawonta, in yi masa baƙin fenti, in shafe shi da baƙin mai da ƙura, in ɗaure shi a gurbinta. Wanda ya leƙa zai ga farfela. In mai mota ya dawo, in hau da tayoyin gaba kan ganguna, in nuna masa allura a ƙasa. In buɗe gaban mota in matse turbo da hannu, ba awo ba lissafi, in sake tayarwa, in danna maɓallina allura ta miƙe. Sai mu hau kwalta mu nufi Gumel. Mota ta yi sauƙi, ga iska ta ƙaru, da ya taka sai ta zabura. Ya biya ni yana godiya. Farfelar kuma akwai wani dillali daga tsallaken iyaka, muna ce masa Ɗan Damagaram, shi ke kwashewa.

Suna ya fita. Aka daina kirana da sunana, sai Injiniya. Injina da dama sun ƙone daga baya saboda matsar turbon nan, in ce man da suka sha ne gurɓatacce, su yarda.

Doka ɗaya na kafa wa kaina: ba na taɓa motar da ke shiga daji. Samarin gari da ma'aikata masu bin kwalta kaɗai. Da wannan dokar nake lallashin zuciyata, ina cewa ai ban kashe kowa ba.

Sai ranar wata kasuwa, tsakiyar damina, wani dattijo ya shigo da doguwar mota 'yar Kwatano, mai turbo, mai jan huɗu. Sunansa Malam Sabo, daga wani ƙauye a ƙasar Sule Tankarkar. Motar ba tasa ba ce. Mutanen garin ne suka haɗa hannu suka saya, domin tsakaninsu da kwalta akwai wani kwari mai rairayi wanda motocin haya ba sa yarda su shiga. Ita ke fitar da marar lafiya. Shi direba ne kawai.

Ya ce, "Injiniya, an ce kana sa mota ta ƙara ƙarfi ta rage sha. Wannan shanta ya fi ƙarfinmu. Tun da mai ya yi tsada, in na ce a kawo na mai sai kowa ya tuna yana da aiki a gona."

Na ce, "Baba, tana shiga yashi?"

Ya yi dariya. "Yashi ai shi ne gidanta. Kwalta baƙunta take zuwa."

Da na ji haka ya kamata in ce ya tafi. Amma Ɗan Damagaram ya daɗe yana damuna da neman farfelar irin wannan motar, ya ce ko nawa ce zai saya. Na leƙa ƙasa na gan ta lafiya lau. Na ce a raina yanzu damina ce, ruwa ya danne yashi ya yi tauri, tayoyin gaba ma sun isa. Kafin rani in samo wata in mayar masa ba tare da ya sani ba. Na ce, "Baba, je ka ci kasuwa ka dawo."

Da ya dawo na hau da ita kan ganguna na taka. Allura ta miƙe, 'yan kallo suka yi tafi. Malam Sabo bai kalli allurar ba. Ya zagaya bayan motar ya tsaya, hannuwansa a baya.

Ya ce, "Ɗana, na bayan nan fa? Na ga na gaba na gudu, su suna tsaye."

Duk motocin da na yi wa wannan aiki, babu wanda ya taɓa yi mini wannan tambayar. Na kalli idonsa na ce, "Na kashe su ne don gwaji, Baba. In an sauka zan kunna."

Ya durƙusa da kyar ya leƙa, ya ga baƙin bututuna a gurbinsa. Ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa. Ya ce, "To, kai ka san aikinka. Allah ya yi albarka." Ya ciro goro ya ba ni.

Damina ta wuce. Ban nemi wata farfelar ba. Na ma daina tunawa.

Abin da ya faru da kaka, daga bakin Malam Sabo na ji shi a gaban alƙali. Wani magidanci a garinsu, Habu, ya je ɗaga damin riɗin da ya tsayar ya bushe. Kasa na kwance a ƙarƙashi, macijiyar nan mai kauri. Ta sare shi a hannun dama. Da hantsi ne. Aka sa shi a mota, Malam Sabo ya ja, za su asibitin Gumel. Suka shiga kwarin. Ruwa ya ɗauke, yashi ya bushe ya saki. Tayoyin gaba suka fara haƙa, mota ta zauna. Ya sa giyar baya, ta ƙara nutsewa. Mutane suka tura, suka sa kara da itace, ba ta motsa ba. Hannun Habu yana kumbura yana baƙi, shi kuma yana salati.

Malam Sabo ya ce wa ƙanin Habu ya zauna ya taka totur. Shi kuma ya kwanta a yashi ya leƙa. Inji na kuka, tayoyin gaba na watsa ƙasa, farfela tsaye cik. Ya miƙa hannu ya kama ta. Ya ce da ta gaske ce da ta tsinke masa yatsu. Ya ƙwanƙwasa, ya ji ta amsa kamar gwangwani.

A amalanken shanu aka ƙarasa da Habu bakin kwalta. Rana ta yi sanyi kafin su isa asibiti. Ya rayu, amma an yanke hannun daga gwiwa.

Ranar kasuwar da ta biyo, ina tsaka da nuna wa wani saurayi allura, sai ga Malam Sabo da bututun a kafaɗa. Bai yi sallama ba. Ya jefa shi a gabana, ƙararsa ta sa kowa ya waiwayo.

Ya ce, "Injiniya, ka manta ba ka kunna na bayan ba."

Ya juya ga mutane ya ba su labari, bai ɗaga murya ba. Saurayin da ke tsaye ya faɗa ƙarƙashin motarsa da fararen kayansa, ya fito yana zagi. Kafin azahar labari ya kai Gumel da Gagarawa, duk wanda ya taɓa kawo mini mota ya leƙa ƙasa. Aka fasa bencina aka ga maɓallin. Na sha duka, kuma ban ga laifin kowa ba. 'Yan sanda ne suka ƙwace ni. Ɗan Damagaram ya tsallaka iyaka, har yau ban sake ganinsa ba.

A kotu ban yi musu ba. Aka yanke mini shekaru, na tafi.

Ba zan ba ku labarin gidan yari da yawa ba. Akwai zafi, akwai ƙaiƙayi, akwai yunwa. Akwai ranar da za a kira sunan kowa an zo ganinsa, ban da kai. Mahaifina ya rasu ina ciki, ban sallaci gawarsa ba. Masu kirana Injiniya ko ɗaya bai leƙo ba. Wani malami da ke zuwa yi mana karatu ya gaya mini cewa tuba tsakaninka da Allah abu ne mai sauƙi, amma haƙƙin mutum sai ka mayar ko ya yafe. Na yi ta juya maganar. Hannu ba ya mayuwa. Farfela tana mayuwa. Na ƙudura cewa in na fita da rai, ita ce aikina na farko.

Da aka sake ni babu garejin da ya yarda in riƙe ko sifana. Na koma lodin shanu a kasuwar Maigatari, ina tura bijimai cikin tirela. Na tambaya aka ce motar ƙauyen tana nan, amma da rani a bakin kwarin take tsayawa, sai a kawo marar lafiya a amalanke. Sun nemi farfelar sun rasa, wadda suka samu kuma ta fi ƙarfinsu. Na ci gaba da lodi, ina cin abinci sau ɗaya. Da abin ya taru na tafi Kano, na bi masu sayar da tsofaffin kayan mota rumfa rumfa har na same ta. Na naɗe ta a buhu na hau mota.

Na iske Malam Sabo a gindin bishiya da mutane. Ya tsufa. Na yi sallama, wasu suka amsa, shi bai amsa ba. Na kwance buhun na nuna masa farfelar.

Ya ce, "Ajiye ka tafi. Hannunka ba zai sake taɓa motar nan ba."

Wani mutum da ke zaune a gefe, hannun rigarsa na dama a ninke an soke da allura, ya ce, "Wannan ne mai bututun?"

Na ce, "Ni ne."

Habu ne. Ya dube ni tun daga sama har ƙasa. "Na zaci wani ƙato ne. Baba Sabo, bar shi ya ɗaura. Wa za mu kira, mai facin keke? Amma ni zan zauna a kansa. In ya gama shi zai tuƙa ta cikin kwarin, ina gaba. In ta maƙale, shi kaɗai zai tura."

Na shiga ƙarƙashi. Habu ya jawo kujera ya zauna daf da kaina, duk ƙusar da na ɗaura sai ya ce in nuna masa. Na sassauta turbon na mayar da shi yadda masu motar suka yi shi. Da na gama na ce a ɗaga motar duka a kan duwatsu, a tayar, kowa ya leƙa da idonsa. Suka leƙa. Tana juyawa, tayoyi huɗu na gudu.

Muka shiga kwarin da rana tsaka, lokacin da yashi ya fi saki. Habu na gefena, Malam Sabo na baya. A tsakiya motar ta yi nauyi, gaba ya fara nutsewa. Sai na ji baya ya turo. Ta fita.

Na tsaya a bakin kwalta na kashe. Na ce, "Malam Habu, ka yafe mini."

Ya ce, "Riɗin bana matata da 'ya'yana suka yanke, ina tsaye ina kallo. Ban kai wurin yafiya ba tukuna. In na kai zan aiko maka." Ya juya baya. "Baba Sabo, karɓi motarka. A sauke shi a nan, ya nemi ta haya."

Suka sauke ni, suka juya suka sake shiga yashin. Na tsaya har suka haye.

Bai aiko ba har yau, kuma ba na ganin laifinsa. Yanzu ina da 'yar rumfa a Gagarawa, ina gyaran babura da injin ban ruwa, kuma a gaban mai abu nake kwance abinsa. Akwai sauran motocin da na cuta. Wasu an sayar, wasu sun mutu, wasu na san inda suke. Ɗaya bayan ɗaya nake bi, kuma ba zan daina ba sai na gama ko ƙarfina ya ƙare.

Ku masu mota, duk bakaniken da ya ce ku je ku dawo ya ja ƙofa, ku tsaya. Duk wanda ya ce zai ƙara muku ƙarfi ya rage muku sha a wuni ɗaya, ku tambaye shi me zai cire.

Ku kuma samari masu koyo, kada ku ce ƙaramin abu ne, mai shi ba zai ji ba. Kada ku kafa wa kanku dokar wanda za ku cuta da wanda za ku bari, domin ran da farashi ya yi daɗi da hannunku za ku karya ta. Ƙarfen da ke hannunka a gareji, ba ka san ranar da ran wani zai rataya a kansa ba, kuma ba za ka kasance a wurin ba. In an kawo maka mota, ka mayar da ita da duk abin da ta zo da shi. In an yi maka tambaya, ka faɗi gaskiya tun mai tambayar yana tsaye a gabanka. Ni an tambaye ni, na yi ƙarya, wani ya biya da hannunsa. Allah ya tsare ku da irin hanyata.